Achar Gwaggo da wutsiyar .africa

Tun 2016 nake haɗa wa mutane shafin intanet a nan Jos, ɗan shago ne a saman bene wajen Ahmadu Bello Way, ni da wani abokina mai gyaran laftof muke raba kuɗin haya da na man janareta. Duk wanda ya zo a buɗe mishi shafi maganar farko ɗaya ce, wace wutsiya za a sa wa sunan. Mu a shago haka muke kiranta, wutsiya, wato ɗan guntun nan da yake zuwa bayan ɗigo, .com ko .ng ko .org. Yawanci minti biyu an gama. Sau ɗaya ne maganar ta ci mana kusan sati biyu ana kai ruwa rana, kuma a gidanmu ne, a kan kamfanin achar Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar babanmu ce, a Anguwan Rogo take. Ta fi shekara ashirin tana sana'ar acha, tana da mutanenta da suke kawo mata daga wajen Bokkos da Pankshin, wani lokacin har Bogoro ta jihar Bauchi. Wanda ya san acha ya san ba nomanta ne kaɗai wahala ba, yashin ne. Ƙwayar ƙanana ce sosai, idan ba a rege ta da kyau ba kana kai loma ɗaya za ka ji ƙaras a haƙori shikenan ka tsani gwaten har abada. To Gwaggo a nan ta yi suna, mata huɗu ne suke mata aikin regewa da shanya a tsakar gida, achar ta ko ka tauna ɗanya ba za ka ji tsakuwa ba. Masu ciwon suga su ne manyan kwastomominta, daga Abuja da Kaduna da Kano a kira a waya a sa a mota a tasha.

'Yarta ce ta kawo maganar kamfani, lokacin ta gama Jami'ar Jos tana jiran bautar ƙasa. Ta yi rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ta fara bin layin lambar NAFDAC, sannan ta zo min da labarin wai Tarayyar Turai ta amince a riƙa shigar da acha kasuwarta tun Disamba 2018, su can fonio suke ce mata. Na duba, gaskiya ne. Ta ce Yaya shafi nake so, kuma ba na wasa ba.

Sunan da suka zaɓa da muka nema a .com mun tarar wani ya riga mu, ba ma amfani yake da shi ba, ya dai kama ya ajiye yana jiran mai tsautsayi, kuɗin da ya sa a kai ya isa a sayi injin surfe. Saura biyu kenan, .com.ng da .africa. Ni na ce .com.ng, da naira ake biya, araha ne, kowa ya san shi. Ita ta ce .africa ko a fasa.

Kafin in ci gaba bari in ɗan koma baya, don mutane da yawa suna ɗauka kawai gari ya waye ne aka ga .africa. Akwai wata hukuma ICANN mai zama a Los Angeles ta Amurka, ita ke da ikon ƙara sabuwar wutsiya a intanet. A 2012 ta buɗe ƙofa ta ce duk mai so ya nema, kuɗin fam kaɗai dala 185,000, kuma aka samu takardun nema sama da 1,900. A lokacin Turai ta daɗe da tata, .eu an buɗe wa jama'a tun 2006, Asiya ma an buɗe tata .asia a 2008, mu ne dai kullum a baya. Ɓangare biyu suka nemi .africa. Akwai ZACR na Afirka ta Kudu, a lokacin su ne masu riƙe da .co.za, kuma Hukumar Tarayyar Afirka su ta mara wa baya. Sai DotConnectAfrica na wata 'yar Habasha Sophia Bekele, wadda ta ce ita ta riga kowa fara wannan fafutukar. Ƙa'idar ICANN ita ce duk mai neman sunan yanki sai ya kawo goyon bayan kashi 60 cikin ɗari na gwamnatocin yankin. A taron ICANN na Beijing a Afrilu 2013 kwamitinta na gwamnatoci ya ba da shawara kada a ci gaba da takardar DotConnectAfrica, a Maris 2014 ICANN ta sa hannu da ZACR, kowa ya ɗauka an gama ashe yanzu aka fara. Matar ta kai ƙara gaban kwamitin bita mai zaman kansa, a Yuli 2015 suka ce lallai ICANN ta saɓa wa dokokinta a yadda ta yi da ita, aka dawo da takardar aka sake dubawa, ba ta haye ba a kan maganar goyon bayan gwamnatoci, sai ta tafi kotu a Kalifoniya a 2016. Sai a Fabrairu 2017 kotu ta ƙi ci gaba da dakatar da abin, aka saki wutsiyar, masu alamar kasuwanci suka fara kama nasu a Afrilu, sauran jama'a kuma ranar 4 ga Yuli 2017. Shekara biyar cur. Kuma abin da yake ba ni dariya har yau, sunan nahiyarmu ne amma alƙalin da ya raba gardamar a Kalifoniya yake zaune.

To a Yuli 2019 muke wannan jayayya a falon Gwaggo, daidai lokacin da Buhari ya je Yamai ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, rediyo ba ta da wata magana sai ita. Ƙanwar tawa ta ce acha ba ta Filato kaɗai ba ce, ana cin ta a Mali da Senegal da Burkina Faso, Gini ma ta fi kowa nomanta, to abincin yanki ne sai a sa mishi sunan yanki. Sannan ta faɗi wadda ta fi ƙarfi, wai Bature ko ɗan Afirkan da ke zaune a waje idan ya ga .ng sai ya fara tunanin 'yan damfara kafin ya tuna da abinci. Na ji haushin maganar amma ban iya ƙaryata ta ba, na taɓa yi wa wani mai zoɓo shafi ya dawo da irin wannan kukan.

Gwaggo tana zaune tana jin mu tana tsince wake. Can ta ce, “Kai ɗan nan, wanne ne ya fi tsada?” Na ce na Afirkan ne Gwaggo, kuma da dala ake biya duk shekara. Ta ce, “Nawa?” Na faɗa mata, a lokacin bai fi kuɗin 'yan mudu na acha ba don dala tana wajen 360. Ta ce, “To ku sa wanda yarinyar take so mana, a kan wannan kuka hana ni jin labarai?”

A nan na yi kuskure biyu, kuma nawa ne ba na kowa ba. Na farko .africa kaɗai na saya ban haɗa da .com.ng ba, alhali kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na biyu na yi rijistar a wajen wani dillalin sunayen intanet na ƙasar waje da wani tsohon imel ɗina da katin bankina na naira, ban sa sunan kamfanin ba, na ce daga baya zan gyara. Duk mai wannan sana'ar ya san wannan daga bayan.

Aka buga leda 5,000 a Kaduna, masu zif ɗin nan da tagar da ake hango achar, adireshin shafi da manyan baƙi a gaba, lambar waya ƙarama a baya. Wata ɗaya bayan nan, Agusta 2019, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Wato mun sa Afirka a jikin leda amma buhu ɗaya ba zai tsallaka Illela ko Maigatari ba. Gwaggo ta daɗe tana tsokanar 'yarta da wannan.

Matsalar farko ban taɓa kawo ta a raina ba. Mun ba da talla a wani gidan rediyo a shirin Hausa, mai gabatarwa ya karanta sunan da kyau ya ce ɗigo Afirka. To Bahaushe ya ji Afirka me zai rubuta? Afirka zai rubuta, a-f-i-r-k-a, yadda ya gani a littafin firamare kuma yadda BBC Hausa take rubutawa. Wasu su sa afrika. Mutum uku a rana ɗaya suka kira suka ce shafin ba ya buɗewa, ɗaya har ya turo hoton fuskar wayarsa, na ga .afirka ɓaro-ɓaro, na rasa dariya zan yi ko kuka. Wutsiyar da rubutun Turancin Ingilishi aka yi ta, mai Faransanci Afrique ya sani, mai Swahili Afrika, mu Afirka, duk sai mun ari bakin wani kafin mu shiga gidan da aka ce namu ne. Wasu kuma da suka rubuta daidai sai su ƙara .com a ƙarshe don a wajensu adireshin da bai ƙare da .com ba bai cika ba, kamar lambar waya ce da ta rasa lamba ɗaya.

Ta biyu imel. Na buɗe musu imel na kamfani mai wutsiyar .africa, ya yi kyau a kati sosai. Ranar da ƙanwata ta je cike fam a shafin wani kamfanin jigilar kaya sai akwatin ya yi ja, wai imel ɗin ba daidai ba ne. Ta goge ta sake, haka. Abin da yake faruwa shi ne masu rubuta irin waɗannan manhajoji tun da can sun sa ƙa'ida cewa wutsiya harafi biyu ce zuwa huɗu, ko kuma sun jera tsoffin da suka sani sun rufe, to africa harafi shida ne, manhajar ba ta san da zamansa ba. Ba mu kaɗai ba ne, duk sababbin wutsiyoyin sun sha wannan, har ICANN tana da gangami na musamman a kai. Amma kai da kake tsaye da katan biyu na acha kana so su tafi yau ba ruwanka da gangami, Gmail ta sa aka wuce wajen. Ya faru a wuri uku da na sani, yanzu dai ya ragu sosai.

Kar in yi wa wutsiyar rashin adalci, ta yi rana. Cikin kullen korona a 2020 wata mata mai shagon kayan abincin Afirka a Ingila ta rubuto, 'yar Gana ce, ta ce tana neman fonio ne ta faɗo kan shafin. Ta fara da katan biyu, ta koma biyar, daga baya ta haɗa mu da wani a Kanada. Da muka saba na tambaye ta ko sunan ya taka rawa, ta ce ita dai da ta gani ta ɗauka babban kamfani ne mai rassa a ƙasashe, ba ta san tsakar gida ba ce da mata huɗu da faranti. Gwaggo da aka fassara mata ta yi dariya har da hawaye. To ban isa in rantse cewa da .com.ng ne matar ba za ta danna ba, Google ba ya fifita .africa don kawai .africa ne, hotunan da bayanin da muka rubuta su suka kawo ta. Amma akwai bambanci ɗaya na gaske, Google yana ɗaukar .ng a matsayin shafin da aka yi domin 'yan Najeriya, ita kuwa .africa ba a ɗaure ta da ƙasa ɗaya ba, ga mai neman kasuwar waje wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai 2023. Shekara uku katin nawa yana sabunta rijistar da kansa ban ma san ana yi ba. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, da kyar ya wuce a wannan shekarar, daga baya kuma da yawansu suka rufe gaba ɗaya har da nawa. Yuli 2023 dillalin ya nemi kuɗinsa kati ya ƙi. Ya turo gargaɗi ya fi sau biyar, duk suna can cikin tsohon imel ɗin da na manta ma da kalmar sirrinsa. A daidai lokacin ƙanwata, wadda ta yi aure tana Kubwa a Abuja kuma ita kaɗai ce take duba imel ɗin kamfani, ta haihu ta dawo gida wankan jego, waya ma sai an tuna mata.

Kwana arba'in da wani abu shafin yana kwance. Babu wanda ya lura. Ni ban lura ba, Gwaggo ba ta lura ba, kwastoma ko ɗaya na Jos ko Abuja ko Kano bai kira ya ce ina shafinku ba, oda tana ta shigowa ta WhatsApp kamar kullum, ana tura alat ana kai kaya tasha. Matar Ingila ce ta bi ta Instagram ta rubuto, wai ta tura imel sau uku yana dawowa, ko mun rufe ne? Ƙanwata ta kira ni wajen sha ɗaya na dare, “Yaya me ya samu shafin?” Na buɗe laftof na ga shafin tallar dillali a maimakon hoton acha, cikina ya ɗuri ruwa.

Yadda abin yake, suna idan ya ƙare ba nan take ake sakinsa ba. Akwai kwanakin alfarma da za ka sabunta a kuɗin da ka saba, ba sa wuce 45, ya danganta da dillali. Idan suka wuce sai ya faɗa zangon fansa na kwana 30, a nan sai ka biya tara mai nauyi, bayan shi kwana 5 na jiran gogewa sannan ya koma kasuwa duk wanda ya riga ya kama nasa ne. Mu mun riga mun faɗa zangon fansa. Kuɗin ya ninka na sabuntawa kusan sau biyar, ga shi a Yuni Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 750, wajen 'yan canji kuwa ta doshi 900. Kuma ko ina da kuɗin ba ni da katin da zai biya. Wani abokina mai asusun dala ne ya taimaka washegari, na tura mishi naira ya biya da katinsa, sai da na yi kwana biyu ina rubuce-rubuce da dillalin kafin in shawo kan tsohon imel ɗin. Daga aljihuna na biya, ban ma bari Gwaggo ta ji adadin ba sai daga baya.

Da na je na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, abin da ta tambaya shi ya fi faɗa ciwo. Ta ce, “Wato sunan nan da ke jikin ledata haya muke yi?” Na ce e Gwaggo, kowa ma haya yake yi, har su Google. Ta ce, “Kuma takardar hayar da sunanka aka rubuta ba nawa ba?” Na yi shiru.

Bayan nan muka zauna da littafin odarta, babban littafin nan mai baƙin bango da take rubuta komai da biro, muka bi shi shekara huɗu. Cikin oda goma tara ta waya ko WhatsApp suka zo, daga mutanen da wani ya ba su lamba a asibiti ko wajen biki ko makarantar Islamiyya. Waɗanda suka zo ta shafi ba su da yawa ko kaɗan amma su ne masu katan-katan, kuma kusan dukansu daga waje ko daga manyan shagunan Abuja da Legas. Wato ni da ƙanwata kowa ya yi gaskiya rabi a 2019, kasuwa biyu Gwaggo take ci mu kuma muka tsaya muna faɗa a kan ƙofa ɗaya.

Ina ganin wannan ne ma ya sa .africa bai yi irin tashin da aka yi ta buga ganga a kai ba lokacin ƙaddamarwa. .eu yana da rijista sama da miliyan uku, .za na ƙasa ɗaya tak ya haura miliyan, shi kuwa .africa mai ƙasashe sama da hamsin har yanzu lissafin dubbai ake yi. Masu ɗaukarsa su ne waɗanda dama suke kallon ƙetare, ƙungiyoyi, matasa masu kamfanonin fasaha, manyan kamfanoni irin bankin Absa da ya mai da shafin rukuninsa absa.africa. Mai shago a Terminus ko mai tumatir a Farin Gada ba shi da abin da zai yi da shi, shi ko .ng ɗin ma bai dame shi ba, duk da ƙoƙarin da NiRA mai kula da .ng take yi tun kafa ta a 2005 da kuma matsin da gwamnati take yi wa ma'aikatu su koma .gov.ng. Shafinsa shi ne hoton da yake sawa a sitatus. Kuma Turawa da suka rungumi .eu suna da kasuwa ɗaya da iyaka a buɗe da kuɗi ɗaya a ƙasashe da dama tun kafin wutsiyar ta zo, mu wutsiyar ce ta riga kasuwar isowa.

Abin da muka yi a ƙarshe ba shi da yawa. Na mai da rijistar ta koma sunan kamfanin da imel ɗin da mutum biyu suke dubawa, canjin sunan mai shi ya jawo kulle na kwana 60, da ya wuce na ɗauke shi daga wancan dillalin na kai wajen wani na gida da yake karɓar naira ta taransifa, duk da cewa farashin nasa ma bin dala yake yi. Muka biya shekara biyar a dunƙule, kuma gara da muka yi don a Fabrairu 2024 dala ta wuce 1,500. Na sayi .com.ng ɗin da ya kamata in saya tun farko, Allah Ya sa babu wanda ya kama, na juya shi yana kai mutum shafi ɗaya. A rediyo yanzu lambar waya kaɗai ake faɗa.

Sabuwar ledar kala biyu aka buga. Ta gida lambar WhatsApp ce da manyan baƙi a gaba, .com.ng ƙarami a ƙasa. Ta waje ita ce mai .africa da ɗan murabba'in nan da ake haskawa da kyamara don kada kowa ya sake rubuta komai da hannu. Ƙanwata ta so a bar .africa a duka biyun, Gwaggo ta ce a'a, ita mutanenta ba sa karanta wannan. Ranar ƙarewar rijistar kuma ta sa na rubuta mata a bangon ciki na littafin oda, ƙarƙashin ranar biyan hayar sito, ta ce duk littafin da ya cika za ta kwafe ta zuwa sabo da hannunta.